Maganar Nafisa Abdullahi da daren da na kwana a kan ɗan yayata



Na san wata a cikinku tana ganin sunan da ke sama za ta taɓe baki ta ce, "Yau kuma Nas hirar 'yan fim ta kawo mana?" Ki yi haƙuri 'yar uwa, ki daure ki kai ƙarshe. Ni ma ba gwanar bin labarin 'yan fim ba ce, aikin asibiti da hidimar gida ba su bar mini wannan sararin ba. Amma akwai maganar da wata 'yar fim ta taɓa yi, ta same ni a tsaye a kan mara lafiya, mara lafiyar kuma jinina ne. Na daɗe ina son in ba ki labarin. Sai yanzu yayata ta yarda in rubuta, bisa sharaɗin ba zan kama sunan kowa ba.

Cikin azumin 2022 ne, a watan Afrilu, zafin bazara ya kai inda ya kai. Ina aikin dare a ƙaramin asibitin da nake aiki a nan yankinmu na Beli, cikin ƙaramar hukumar Rogo. An sha ruwa, an fito daga asham, sai ga mai babur ya tsaya a bakin ƙofa. Yayata ce ta sauko, ta saɓo yaro a kafaɗa. Ɗanta na uku ne, shekararsa 8. Rabona da shi wata 14, tun ranar da mahaifinsa ya haɗa shi da wansa ya kai su karatun allo birni.

Wallahi ban gane shi ba sai da ya buɗe baki ya ce, "Anti." Kansa duk ƙora. Tsakanin yatsunsa ƙazuwa ta yi ruwa. Ƙafarsa ta dama ta kumbura har tana sheƙi. Fasasshiyar kwalba ya taka wajen yawon bara, aka ɗaure masa da tsumma, ya ci gaba da takawa a kai har mako uku, sai da wani direba ɗan garinmu ya gan shi a tasha ya ɗauko shi. Na ja fatar idonsa ta ƙasa, fari fat. Jikinsa zafi rau. Na yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, layi biyu suka fito.

Na wanke ciwon, na yi masa allurar titanus, na ɗaura masa ruwa. Shekara da shekaru ina neman jijiya a hannun yara, amma hannuna bai taɓa rawa irin ta wannan daren ba.

Wajen ƙarfe 11 ya samu barci. Yaya ta shimfiɗa zani a ƙasa kusa da gadon, ni kuma na zauna a kujera na ɗauko waya. Duk zauren WhatsApp da na leƙa magana ɗaya ake yi: Nafisa Abdullahi ta taɓo almajirai, Sarkin Waƙa ya mayar mata da martani, gari ya ɗauka.

Kafin in faɗa miki abin da ya biyo baya, bari in ɗan koma baya, don na san akwai wadda ba ta san Nafisa ba sai a Labarina.

An haife ta a Jos, jihar Filato, ranar 23 ga Janairun 1991. Kusan sa'ata ce ke nan. Ta karanta fannin wasan kwaikwayo a Jami'ar Jos. Fim ɗin da ya fito da ita shi ne Sai Wata Rana, na kamfanin FKD, wanda Ali Nuhu ya ba da umarni a 2010. Lokacin ina makarantar koyon aikin jinya. Mukan yi karo-karo mu sayo faifai, mu cunkushe a ɗaki ɗaya muna kallo a kwamfutar wata 'yar ajinmu, a rage sauti don kada a ji mu. Daga nan finafinanta suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, irin su Madubin Dubawa, Ɗan Marayan Zaki, Lamiraj da Ya Daga Allah. Ta karɓi lambobin yabo da dama, sunanta ya shiga sahun gaba a Kannywood.

Sai dai fim ɗinta da ya zauna mini a rai ba na rawa da waƙa ba ne. Sunansa Blood and Henna, wato jini da lalle, wanda Kenneth Gyang ya ba da umarni a 2012, ta fito tare da Sadiq Sani Sadiq da Ali Nuhu. An gina shi ne a kan abin da ya faru a Kano a 1996, shekarar da annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. A lokacin kamfanin magunguna na Pfizer, daga Amurka, ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka saka a gwajin, kusan rabinsu aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin kuma ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Mu ma'aikatan lafiya mun san tabon da wannan abu ya bari a zukatan iyaye. Yana cikin hujjojin da mutane suka riƙa kafawa a 2003, sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004. Har gobe idan na shiga gida da akwatin rigakafi, nakan haɗu da kakar da za ta janye jikanta bayanta ta ce ba za a yi gwaji da nata ba. A wannan fim Nafisa ta fito a matsayin matar aure 'yar karkara da annobar ta faɗa wa gidanta. Da na kalle shi na ce a raina, ashe fim yana iya ɗauko ciwon da muke gani a asibiti ya ajiye shi a tsakar gida, inda laccarmu ba ta kaiwa. Daga baya ma ta shirya nata fim ɗin, Yaƙi a Soyayya, wanda ya taɓo matsalar shaye-shaye.

Sai Labarina, na Aminu Saira, da aka fara haskawa a tashar Arewa24 a 2020. Ke ma shaida ce. A ranar awo, mata na kan benci suna jiran a kira su, musun da ake yi shi ne wa ya dace da Sumayya, Mahmud ko Presdo ko Lukman. Har sai na ɗaga murya kafin a ji sunan da nake kira. Bayan wani lokaci ta sanar da fita daga shirin, ta ce karatu da kasuwancinta ba su bar mata lokaci ba, daga baya Fati Washa ta ɗauki matsayin Sumayya. Nafisa tana da harkar kayan kwalliya, ta kuma kafa gidauniyar taimakon marasa galihu, kamar yadda Hadiza Gabon da Mansura Isah su ma suke da nasu.

To amma kin san yadda muke da 'yan fim mata. Muna kallonsu har mu manta tuwo a kan wuta, muna kwaikwayon ɗinkinsu da ɗaurin ɗankwalinsu, amma ranar da ɗaya ta buɗe baki a kan wani abu da ya shafi al'umma, tambayar farko ita ce, ita wa? Abin da ya faru a wancan azumin ke nan.

Abin da ta rubuta a Twitter, a taƙaice, kira ne ga iyaye su daina haifar 'ya'yan da suka san ba za su iya ɗaukar nauyinsu ba, tana nuni da ƙananan yaran da ke gararamba a titi da sunan almajirci. Naziru Sarkin Waƙa, wanda shi ma ya fito a Labarina, ya yi bidiyo ya kare almajirai. Ma'anar maganarsa ita ce almajiri mai neman ilimi ne, ba yasasshe ba, kuma in ana neman 'ya'yan da iyayensu suka kasa kula da su to a duba masana'antar fim. Shi ke nan aka rabu gida biyu. Wasu na zaginta, wasu na zaginsa, da bakin azumi.

Ni kuma da rashin dabara, sai na karanta wa Yaya a fili.

Ta ɗago kai daga kan zanin ta dube ni. Ta ce, "Auta, yanzu 'yar fim ce za ta koya mana haihuwa? Bakin da Allah Ya tsaga ai ba Ya hana shi abinci."

Na ce, "Haka ne Yaya." Na kashe wayar. Ruwan da na ɗaura yana ɗiga, yaron yana numfashi da sauri-sauri, babu wanda ya ƙara cewa komai.

Can wajen lokacin sahur, na ɗauka ta yi barci, sai na ji ta ce, "Auta, idonki biyu?"

Na ce, "Biyu, Yaya."

Ta ce, "Wallahi ba ni na kai shi ba. Malam ne ya ce hatsin da ke rumbu ba zai kai mu damina ba, in suka tafi an rage baki biyu, ga karatu sun samu. Ranar da za su tafi ina da cikin wata bakwai. Na ƙulla musu ƙuli-ƙuli da garin rogo a leda. Ko zaure ban raka su ba, don kada a ce ba ni da kara. Ina jin wannan yana kira na daga waje, na shige ɗaki na toshe kunnena da filo."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ita yarinyar nan da ta yi maganar, ta san akwai irina?"

Ban iya ba ta amsa ba. Yayata a lokacin shekararta 36. An yi mata aure tana 15. Haihuwarta 9, bakwai suna raye. Sau biyu ana ƙara mata jini bayan haihuwa. Ni kuwa duk ranar awo ina tsaye gaban mata talatin ko arba'in ina yi musu bayanin tazarar haihuwa, da allo da hotuna, har a tafa mini. Amma ban taɓa buɗe baki na yi wa Yaya wannan maganar ba ko sau ɗaya. Ita ta goye ni. Ita ta yi mini kitson shiga firamare. Da wane ido zan dube ta in yi mata zancen shimfiɗarta? Ranar da aka tafi da yaran nan ma na sani, na ce ba hurumina ba ne, na ja bakina. Kunyar da nake taƙama da ita, ga abin da ta haifa kwance a gabana da kumburarriyar ƙafa. Abin da ni mai takardar aikin jinya na kasa faɗa a cikin gidanmu, shi wata 'yar fim ta faɗa a bainar jama'a, ta sha zagi a kai.

Kada ki ɗauka ina cikin masu ƙin almajirci. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, almajiri ne. Ya yi gabas, ya sauke, ya haddace, kuma da karatun nan ya riƙe mu. Kalmar ma asalinta daga Larabci take, mai hijira don neman ilimi. A nan Sarkin Waƙa yana da gaskiya, tsangaya ta fitar da alarammomi da alƙalai da attajirai, kuma ba daidai ba ne a yi musu kuɗin goro. Amma Baba da bakinsa yake ba mu labarin yadda nasu ya kasance. Bai bar gida ba sai da ya yi wayo, ya iya wanke kayansa. Malaminsu yana da gona, su suke noma ta, daga ita ake ci. Kowane almajiri yana da uwar ɗaki a cikin gari, wadda ta san sunansa, take ajiye masa tuwo, in ya kwana biyu bai zo ba ta aika a dubo shi. Duk da haka, da Baba ya haifi nasa 'ya'yan maza, bai tura ko ɗaya ba. A zaure ya koyar da su, suna kwana a ɗakin uwarsu.

Wannan daban, yaro ɗan shekara 6 ko 7 da za a sauke a birni da roba a hannu daban. Malami ɗaya, yara sun fi ɗari, ba gona, ba abinci, ba banɗaki, ba mai duba wanda ya kwana da zazzaɓi. Shi kansa malamin an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, don sau da yawa uban yaro ba ya sake waiwayowa, ba ya aiko da ko sabulu.

Hukuma ta sha taɓa abin. A 2012 gwamnatin tarayya ta fara buɗe makarantun tsangaya na zamani. A farkon 2020 gwamnatin Kano ta sanar da hana bara a titi. Da korona ta zo a wannan shekarar, jihohin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk an yi, amma ki leƙa kowace tasha ko gidan mai yau ki gani. Dokar da ba ta shiga rumbun Malam ta ga abin da ya rage a ciki ba, ba za ta hana shi tura yaro ba.

A nan ne nake ganin maganar Nafisa ta yi gaskiya amma ba ta cika ba. Ta yi gaskiya domin haihuwa amana ce, kuma ciyarwa da tufatarwa da tarbiyya haƙƙin yaro ne a kan wanda ya haife shi, ba a kan mutanen gari ba. Wannan ba ra'ayin 'yan fim ba ne, kowane malami zai gaya miki haka. Inda ba ta cika ba shi ne, kibiyar ta fi samun wadda ba ita ta yanke hukunci ba. Mace irin yayata ba a shawara da ita kan yawan 'ya'ya, ba a shawara da ita kan tura su. Gonar da kakansu ya noma shi kaɗai, yau an raba ta gado gida takwas. Kuɗin taki ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Ga sakin aure, a bar yara a hannun kishiya ko kaka, daga nan sai tasha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan kalmar "daina haihuwa" tana firgita mutanenmu, da an ji ta sai a toshe kunne.

Mu a asibiti ba haka muke cewa ba. Tazara muke cewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mace ta samu aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani cikin, don jininta ya dawo, na goye kuma ya sha nono ya ƙoshi. Alƙur'ani mai girma ma ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suke yi wa mai kwanika faɗa, shi ya sa ake tafiya goyon ciki da wankan jego a gida a daɗe. Yawancin yaran da nake auna damtsensu igiyar awo ta faɗa kan ja, alamar tamowa mai tsanani, za ki tarar an yaye su ba shiri ne saboda wani cikin ya shigo.

Amma duk da gurguncewar maganar tata, ita ce ta buɗe bakin yayata a daren nan, ita ce kuma ta buɗe nawa. Da wani babban malami ne ya faɗa, da mun ce "Allah Ya saka da alheri" mun wuce. Da yake 'yar fim ce, sai ta yi mana zafi, zafin kuma ya sa muka yi magana.

Da gari ya waye ban tunkari mijin Yaya da faɗa ba, don na san in na yi haka na rufe ƙofar da hannuna. Na fara da maigidana, na roƙe shi ya yarda mu riƙe yaron. Ya ce in dai uban ya amince, shi ba shi da ja. Sannan na je wurin Kawu, ƙanin mahaifinmu, na zayyana masa komai, shi kuma ya samu limamin unguwarsu. A rana ta uku Malam ya zo dubiya. Da gangan na bari sai da ya zauna sannan na kwance bandejin don wankin ciwo. Ya kalli ƙafar, ya kawar da kai, ya daɗe yana kallon bango.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Malam, alfarma nake nema. A bar mini yaron nan a wurina."

Ya ce, "To karatun fa? Ni ba don na ƙi shi na kai shi ba."

Na ce, "Na sani Malam. Da asuba da dare yana makarantar allo ta unguwarmu, da hantsi yana firamare. In ya yi shekara ba ka ga ƙaruwa a allonsa ba, ka ɗauke abinka."

Ya ce zai yi shawara. Bayan sallah Kawu ya aiko cewa an bar mini shi.

Ba zan ce miki komai ya gyaru ba. Wansa yana can birni har yanzu, Malam ya ce shi ya yi nisa a karatu, ba za a katse shi ba. Abin da muka iya shi ne mun karɓi lambar malaminsu, duk wata muna aika masara da sabulu da ɗan kuɗin cefane ta hannun direban nan, kuma duk wanda zai shiga birni a cikin dangi sai ya biya ya gan shi da idonsa. Maganar tazara kuwa sai da ta ɗauki kusan shekara, Kawu na taɓawa, liman na taɓawa, kafin wata rana Yaya ta shigo ɗakin awo ta zauna a ƙarshen benci, ta sunkuyar da kai ta ce Malam ya ce ta zo in yi mata bayani. Ranar na rufe ƙofa, na yi wa yayata laccar da na shekara goma ina yi wa matan wasu.

Shi kuma yaron ƙafa ta warke, sai tabo. Ƙora ta mutu, gashi ya fito. Abin da ya fi daɗewa bai warke ba wani ne daban. Wata uku na farko, duk ranar da na ɗaga filonsa sai na tarar da guntun tuwo ko ƙosai a ƙulle a leda. Na ce masa, "Akwai abinci a tukunya, ko tsakar dare ka ji yunwa ka tashe ni." Sai ya ce to, gobe kuma in sake tararwa. Ranar da na ɗaga filon na ga babu komai, na zauna a bakin katifar na yi kukan da ban yi ba a daren asibiti.

'Yar uwa, in naki ɗan yana can wani gari, ban zo in ɗora miki laifi ba, na ga hawayen yayata. Amma kada kara ta hana ki bibiya. Ki nemi lambar malaminsa. In an samu mai zuwa, ki ce ya duba miki kansa, da tsakanin yatsunsa, da tafin ƙafarsa, ya ja fatar idonsa ya ga ko da jini, ya tambaye shi inda yake kwana da wanda yake ba shi abinci. Ciwon da aka tara da wuri, sabulu da ɗan magani ya ishe shi. In maigida ya fara zancen tura ƙaramin yaro, kada ki tare shi da gardama a gaban mutane. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kawu ko liman ko aminin da yake saurara, ki kawo masa mafita a hannu: ga makarantar allo a unguwa, ga 'yar uwa da za ta riƙe shi.

In kuma Allah Ya rufa miki asiri, naki suna gabanki, to almajirin da ke sallama a ƙofarki ɗan wata ce da ta toshe kunne da filo. Ki tambayi sunansa da garinsu. Ki zama uwar ɗakinsa irin ta zamanin su Baba. Abincin da ba za ki ba naki ba, kada ki juye masa a roba. In kin ga ciwo a jikinsa, ki sa a kai shi asibiti mafi kusa. In kuma ke ce mai ilimin a danginku, malamar makaranta ko ma'aikaciyar lafiya, kada ki yi irin shirun da na yi.

Ban taɓa haɗuwa da Nafisa Abdullahi ba, ita ma ba ta san da ni ba. Ba duk abin da take yi nake so ba, akwai shigar da in 'yata ta yi sai mun zauna. Amma na daina tambayar "ita wa?" idan na ji magana. Yanzu tambayar da nake yi ita ce, abin da aka faɗa haka yake ko ba haka yake ba? Ita Yaya har yau ba ta sauka daga ra'ayinta ba, ta ce yarinyar ba ta iya magana ba. Sai dai ranar nan da ta zo ganin ɗanta, ta same shi yana wanke allonsa a bakin rijiya, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo ta ce mini, "Auta, wannan ƙawar taku ta Labarina, tana nan lafiya dai ko?"

Ke fa 'yar uwa, ya abin yake a naku gidan? Ina sauraronki.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke amanarsu, Ya kai rahama ga iyayenmu da suka rigaye mu. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya yarda.